Laifin Wa Ne Idan Aka Shigo Mana Waya Ta Bluetooth?

Jama'a, da wuya a samu wani a cikinmu da bai taɓa halartar taron da irin wannan abu ya faru ba. An kafa sifika ana jiran mai jawabi, ko ana tsakiyar sauraron waƙa a wajen biki, sai kwatsam sauti ya yanke, wata murya daban ta fito tana ta zuba. Ashe wayar wani bawan Allah ce da ke can bayan rumfa ta haɗu da sifikar, saƙon muryar da aka turo masa daga gida ne duk jama'a ke saurare, har da batun kuɗin cefanen da bai aika ba. Wataƙila iyafis ɗinsa yake nema ya latsa sunan sifikar bisa kuskure. A yi dariya, shi kuma ya yi ta lallatsa waya gumi na karyo masa, a wuce wurin. Mu ma mun yi dariyar. Amma akwai tambayar da ba wanda ya yi: wa ya ba wayarsa izinin shiga sifikar? Babu kowa. Sifikar ba ta tambaye shi ko shi wane ne ba, ba ta ma da hanyar tambaya. Duk wanda ya riga zuwa, tasa ce.

Wannan abin da ya ba mu dariya, shi ne dai masana tsaron na'urori suka shafe sama da shekara 20 suna kuka a kansa. Bluetooth, hanyar da ke haɗa wayarmu da iyafis da sifika da rediyon mota da agogon hannu na zamani ba tare da igiya ba, tana da rauni a daidai wurin da bai kamata a samu rauni ba, wato wurin gane wa ake magana da shi. Ra'ayinmu kuma, tun kafin mu yi nisa, shi ne an cika ɗora wa mai waya laifi. A ce bai kashe ba, a ce ya latsa abin da bai sani ba. E, akwai namu sakacin, za mu zo kansa. Amma babbar ɓarakar daga wajen waɗanda suka tsara abin take, sai kuma waɗanda suka sayar mana da waya suka juya baya, ba su sake waiwayarta ba.

Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aikin wannan fasaha a 1994. A 1998 ya haɗu da Nokia da IBM da Intel da Toshiba suka kafa ƙungiyar da har yau ita ke rubuta ƙa'idojin Bluetooth. Sunan ma na wani sarkin Denmak ne mai suna Harald, wanda ya yi zamani sama da shekara 1,000 da suka wuce, aka san shi da haɗa kan ƙabilun ƙasarsa. Manufarsu a lokacin ita ce a rabu da tarkacen igiyoyi a kan tebur. Sun lissafa cewa abin mita 10 kawai zai riƙa kaiwa, don haka duk wanda ke kusa da kai har haka, to naka ne. Wanda ya yi wannan lissafi bai taɓa tsayawa a Mile 12 da safe lokacin sauke tumatir ba, ko a gadar Oshodi da yamma. A cikin mita 10 a can, mutum nawa ne, waya nawa ce?

Masu shekaru a cikinmu suna tuna zamanin da Bluetooth ita ce intanet ɗin talaka. "Kunna in tura maka" ita ce gaisuwar samari a majalisa. Waƙoƙin fim, karatu, hotuna, duk ta nan suke yawo daga Sabon Gari zuwa Agege ba tare da an kashe ko sisi ba. To tun a wancan lokaci matsalar ta fara bayyana. A 2003 wani masani ɗan Birtaniya, Adam Laurie, ya nuna cewa ana iya kwashe lambobin da ke cikin wasu wayoyin Nokia da Sony Ericsson ba tare da mai wayar ya ga komai a fuskarta ba. A 2004 ƙwayar cutar waya ta farko da ta yi suna, Cabir, ta Bluetooth take tsallakawa daga wannan Nokia zuwa waccan. A shekarar ce kuma wasu matasa a Amurka suka ɗaura wa bututu eriya mai ƙarfi suka cafko waya daga nisan da ya haura kilomita ɗaya. Maganar mita 10 ta rushe tun ranar.

Bari mu ɗan tsaya a kan yadda haɗin yake, don sauran maganar ta fito fili. Ranar farko da ka haɗa waya da iyafis, na'urorin biyu suna ƙulla wani sirri tsakaninsu, wani dogon mabuɗi na lambobi, kowacce ta ajiye nata. Wannan shi ne gabatarwa. Daga ranar, duk lokacin da suka sake haɗuwa ba sai an tambaye ka ba, sai su gwada juna da wannan sirri, su fitar da wani sabon mabuɗi na wannan zama kaɗai, su kulle duk abin da ke wucewa tsakaninsu da shi. Matakai uku ke nan: gabatarwa, tantancewa, kullewa. Abin takaicin shi ne babu ko ɗaya a cikin ukun da ba a taɓa fasawa ba.

A tsarin farko, sirrin gaba ɗaya a kan lambar da aka shigar yake dogara. Kowa ya tuna ta: 0000, ko 1234 idan kamfanin ya yi ƙoƙari. Ko da mutum ya zaɓi tasa lambar, a 2005 wasu masana biyu na Jami'ar Tel Aviv, Yaniv Shaked da Avishai Wool, sun nuna cewa wanda ya saurari gabatarwar zai gano lamba mai gida huɗu cikin ƙasa da sakan ɗaya da kwamfutar gida ta wancan zamani. Sai a 2007 aka kawo sabon tsari mai ƙarfi. Shi ne wanda ke nuna maka lamba mai gida shida a fuskar waya da fuskar rediyon mota, ya ce ka duba ko iri ɗaya ne. Nawa ne a cikinmu suke dubawa? Mu dai mun sani, latsawa kawai muke yi mu wuce. Alhali wannan dubawar ita ce kaɗai shaidar cewa babu wani na uku da ya shiga tsakani, yana karɓa daga nan yana miƙawa can, kowane ɓangare na zaton da abokinsa yake magana.

Amma iyafis ba shi da fuskar da zai nuna lamba, sifika ma haka. To ya za a yi da su? Sai masu tsarin suka ware musu wata hanya wadda ma'anar sunanta ita ce "haɗa kawai, zai yi". A wannan hanya ana kulle maganar, amma ba a tantance wa ke ɗaya ɓangaren. Kamar ka shiga ɗaki da baƙo, ka rufe ƙofa da sakata don kada a ji sirrinku, alhali ba ka tambayi baƙon sunansa ba. Ƙa'idojin da kansu sun rubuta cewa wannan hanya ba ta kare mutum daga mai shiga tsakani. Sun sani, suka bari, saboda sauƙi ne ke sayar da kaya. Kuma akasarin abubuwan da muke saya a kan tebur a bakin titi, wannan hanyar suke bi.

A watan Satumba na 2017 kamfanin tsaro na Armis ya fito da jerin kurakurai takwas da ya kira BlueBorne, ya ƙiyasta sun shafi na'urori sama da biliyan 5 masu Android da Windows da Linux da tsofaffin iPhone. A nan ba a ma buƙatar gabatarwa, muddin Bluetooth a kunne take. Wannan kuskuren masu rubuta manhaja ne, an kuma toshe shi a wayoyin da aka aika wa gyara. A riƙe wannan kalma ta "waɗanda aka aika wa", za mu dawo kanta.

Wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne na 2019, domin shi ba kuskuren wani kamfani ba ne, a cikin ƙa'idar kanta yake. Masu bincike uku, Daniele Antonioli da Nils Ole Tippenhauer da Kasper Rasmussen, suka gano cewa kafin na'urori biyu su kulle maganarsu, sai sun yi ciniki a kan tsawon mabuɗin. Ƙa'ida ta yarda a yi daga bait 16 har ƙasa zuwa bait 1. An bar wannan sassauci ne tun asali saboda dokokin wasu ƙasashe sun taƙaita ƙarfin kulle bayanai. Matsalar ita ce cinikin a fili ake yin sa, babu mai tabbatar da wa ya yi tayi. Mu 'yan kasuwa mun san wannan wasa sarai. Mai kaya ya ce 16, mugun dillali ya tsaya a tsakiya ya je wa mai saye ya ce an ce 1, ya dawo wa mai kaya ya ce abokinka ba zai iya wuce 1 ba, kowa ya sallama yana ganin ya yi wa ɗan'uwansa alfarma. Mabuɗi mai bait 16 lamba ce mai gida 39, duk kwamfutocin duniya ba za su gama gwada ta ba. Mai bait 1 kuwa, iri 256 ne kacal. Kafin ka kurɓi shayi an gama. Suka gwada a kan kayan Intel da Broadcom da Apple da Qualcomm, duk wanda suka gwada ya faɗi. Sunan harin KNOB. Bayan tonon asirin ne ƙungiyar Bluetooth ta ce kada a sake yarda da abin da ya gaza bait 7. Kusan shekara 20 wannan ƙofa tana buɗe a cikin takardun da injiniyoyin manyan kamfanonin duniya ke karantawa kullum.

Shekara ɗaya bayan nan, a watan Mayu na 2020, mutanen nan uku suka sake dawowa da wani mai suna BIAS, wanda ya shafi tantancewa. 'Yan'uwanmu masu aikin gadi za su fi kowa gane wannan. A tsohon tsari, ɓangare ɗaya ne kawai ke tambaya, wato wanda ke matsayin mai gida. Baƙo ya zo bakin get ya ce shi direban oga ne. Mai gadi zai ce kawo shaida ke nan, sai baƙon ya ce tsaya, yau mu yi musanya, ni ne mai gadi, kai ne baƙo, kai za ka nuna min shaida. Mai gadi ya nuna tasa, baƙo ya gyaɗa kai ya ce daidai ne, ya shige ciki. Ba wanda ya tambaye shi komai. Abin kamar almara, amma ƙa'idar Bluetooth ta yarda da musanyar matsayi a daidai wannan lokaci. Idan kuma na'urorin suna da sabon tsari mai tambayar juna, sai mai kutsen ya ce shi tsoho ne, bai iya sabon ba, a koma na da, ita kuma ɗayar ta yi masa uzuri. Sun gwada a kan cif iri 28 daban-daban, ciki har da na Apple da Samsung da Intel, duk sun shige. A ƙarshen 2023 Antonioli, a lokacin yana cibiyar Eurecom a Faransa, ya sake fito da wasu raunukan da suka shafi Bluetooth 4.2 har zuwa 5.4, wato har sababbin wayoyin wancan lokaci.

Duk waɗannan suna buƙatar ƙwarewa da kayan aiki na musamman. Amma a watan Disamba na 2023 wani mai bincike a Amurka, Marc Newlin, ya bayyana wanda kwamfutar tafi-da-gidanka mai Linux da Bluetooth na yau da kullum sun isa. Kwamfutarsa za ta gabatar da kanta ga waya a matsayin allon rubutu, ta ce ita ba ta da fuska, a bi da ita ta hanyar "haɗa kawai". Wayar Android sai ta karɓa shiru, ba tare da ta tambayi mai ita ba. Daga nan duk abin da ya rubuta, wayar na ɗauka mai ita ne ke latsawa. Zai iya buɗe shafi, ya sauke manhaja, ya tura saƙo, duk abin da ba ya neman lambar sirri ko zanen yatsa. Ya samu kuskuren har a Android 4.2.2, wato ya haura shekara 10 yana nan. Kayan Apple ma ya taɓa su, amma sai idan an taɓa haɗa su da allon rubutun kamfanin. Google ya fitar da gyara ga Android 11 zuwa 14. Masu Android 10 zuwa ƙasa kuwa, babu gyara, kuma ba za a yi ba.

Iyafis ɗin ma bai tsira ba. A watan Yuni na 2025 masu bincike na kamfanin ERNW a Jamus suka nuna cewa cif na kamfanin Airoha na Taiwan, wanda ke cikin wasu kayan sauraro na Sony da JBL da Bose da Marshall da Jabra, yana barin wanda ke kusa ya karanta ƙwaƙwalwarsa ba tare da gabatarwa ba. Daga ciki zai iya ciro mabuɗin da iyafis ya ƙulla da waya, ya koma wajen wayar a matsayin shi ne iyafis ɗin, har ya sa ta kira lamba. Waɗannan fa masu tsada ne, masu manhajar da za a iya sabuntawa. Na naira dubu uku da muke saya a go-sulo, wa zai sabunta shi? Ba mamaki da jaridar Politico ta ruwaito a 2021 cewa mataimakiyar shugaban Amurka ta lokacin, Kamala Harris, mai igiya take amfani da shi saboda tsaro. An yi mata dariya a lokacin, an ce tsoron banza ne.

Motoci da ƙofofin da ke buɗewa idan wayar mai su ta matso, su ma an gwada su. A 2022 Sultan Qasim Khan na kamfanin NCC Group na Birtaniya, ba hukumar sadarwarmu ba ce, suna ne ya zo ɗaya, ya buɗe motar Tesla ya tayar da ita da ƙananan na'urori biyu, ɗaya kusa da wayar mai motar, ɗaya kusa da motar, suna miƙa wa juna saƙo. Motar ta zaci mai ita na tsaye a gefenta. Wannan bai dame mu sosai ba tukuna, amma motocin da ake kerawa yau su ne za su sauka a Apapa nan da shekara 10.

Yanzu sai mu yi adalci, don ba mu rubuta wannan don mu tsorata kowa ba. Duk waɗannan hare-hare suna buƙatar mai yin su ya zo kusa da kai da jikinsa da kayan aikinsa, wasu ma sai ya dace da daidai lokacin da na'urorin ke haɗuwa. Ba daga wata ƙasa zai zauna ya yi ba. Manhajar banki kuma tana da nata kullin daban, fasa Bluetooth ba ya nufin an kwashe asusu kai tsaye. Ɗan damfarar da ke kiran mutanenmu ya ce daga banki yake, a karanto masa lambar da ta shigo ko BVN, shi ne har yanzu ya fi yi mana ɓarna, don shi ba ya buƙatar komai sai katin waya da daɗin baki. Wanda ya kashe Bluetooth amma ya karanta wa baƙo lambar sirrinsa, ya rufe taga ne ya bar ƙofa.

Amma ba mu yarda da masu cewa "wa zai ɓata lokacinsa a kan talaka" ba. Na farko, ba duka ne talakawa ba. Ɗan canjin da ke Allen ko Broad Street, dillalin shanu a Oko-Oba, mai kawo albasa tirela-tirela, duk cinikin miliyoyi suke ƙullawa da iyafis a kunne, a wuri ɗaya suke zama kullum, kowa ya san inda zai same su. Wanda ya ji yaushe kuɗi za su taso da kuma wa zai ɗauko su, ba ya buƙatar shiga asusun kowa. Na biyu, abin da yake hannun masana yau, gobe yana hannun yara. A 2023 wata 'yar na'ura mai suna Flipper Zero, wadda ba ta kai dala 200 ba, ta zama abin wasan matasa a Turai da Amurka, suna aika wa iPhone ɗin mutane saƙonnin neman haɗi ba ƙaƙƙautawa har wayar ta sandare, sai da Apple ya fitar da gyara a watan Disamba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan a tsage yake tun tuni.

To a nan ne ƙorafinmu na gaskiya yake. Duk lokacin da aka gano irin wannan rauni, sanarwar kan ƙare da jimla ɗaya: a sabunta waya. Wace wayar? Google da Samsung sun yi alƙawarin shekara 7 na gyaran tsaro ga manyan wayoyinsu, daga Pixel 8 da Galaxy S24. Nawa ne a cikinmu ke riƙe da su? Mu wayoyinmu ko dai masu araha ne da gyara ke daina zuwa musu tun batir bai fara rauni ba, ko kuma na hannu ne da suka gama rayuwarsu a Landan ko Dubai kafin su sauka a Computer Village. Wayar na aiki lafiya, tana kira, tana WhatsApp, ba abin da zai nuna wa mai ita cewa an daina kula da ita. Zai riƙe ta shekara biyar, ya ba ƙaninsa, ƙanin ya aika wa tsohuwa a gida. Masu bincike suna gano ramuka don amfanin kowa, amma gyaran masu kuɗi kaɗai yake isa. Mu kuwa abin da ke iso mu shi ne bayanin yadda ake shiga, wanda aka wallafa kowa ya karanta.

Wani zai ce araha ba ta ado, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba mu karɓi wannan ba. Mai sayen rariya yana ganin hudojinta da idonsa. Mai sayen waya ana nuna masa kyamara da girman batir da yawan memori, amma ba kwalin da ke faɗa masa ranar da za a daina toshe mata ramuka. Birtaniya ta ga wannan ta yi doka, ta fara aiki ranar 29 ga Afrilu 2024: an hana sayar da na'ura mai lambar sirri irin ta kowa da kowa, kuma dole kamfani ya faɗi tsawon lokacin da zai ci gaba da aika gyaran tsaro. Tarayyar Turai ma ta yi tata, wadda za ta kama kamfanoni sosai daga Disamba 2027. Mu a nan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke ba kowace irin waya izinin shiga kasuwa. Me zai hana ta sa wannan sharaɗi, a rubuta ranar ƙarshen gyara a jikin kwali kamar yadda ake rubuta ranar lalacewar magani? Kasuwar Najeriya ba ƙarama ba ce, kamfanin da aka ce masa sai ya rubuta zai rubuta.

Akwai kuma maganar da za mu faɗa wa kanmu. Masu sayar da waya da kayanta, da masu gyara, da masu caji da tura waƙoƙi, da yawansu 'ya'yanmu ne da ƙannenmu. Idan dattijo ya zo sayen ta hannu, faɗa masa cewa wannan an daina yi mata gyara ba zai kashe ciniki ba, sai dai ya zaɓi wata a shagonka. Mun san abin da amana ta yi mana a garuruwan nan da muke zaune, ita ce jarin da ya sa ake ba mu kaya bashi ba takarda. Bai kamata ta tsaya a kan buhun wake ba.

Namu sakacin kuwa, gyaransa ba ya cin kuɗi. Idan ba a amfani da Bluetooth a kashe ta, musamman a tasha da kasuwa da cikin motar haya. Masu iPhone su sani cewa tun 2017 latsa alamar da ke saman fuska ba ta kashe ta gaba ɗaya, sai an shiga saiti. Sabon iyafis ko agogo, a yi haƙuri a kai gida a haɗa, kada a haɗa a tsakiyar kasuwar da aka saya, domin lokacin gabatarwa ne ya fi kowane lokaci haɗari. Saƙon neman haɗi ya faɗo ba kai ka nema ba, ko abin da ka daɗe da haɗawa ya dawo yana neman a sake daga farko ba dalili, to ka ƙi. Lamba shida ta fito, ka ɗauki sakan biyu ka duba ɓangarorin biyu. Maganar kuɗi mai nauyi kuma, a kara wayar a kunne ko a sa mai igiya.

Direbobi da masu sayar da motoci, ku akwai taku ta daban. Idan waya ta haɗu da rediyon mota takan tambaya ko a ba motar lambobin waya da tarihin kira, mu kuma mu latsa e. Motar sai ta kwafe ta ajiye. Hukumar kare masu saye ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wannan tun 2016 game da motocin haya. Duk wanda ya taɓa kunna rediyon tokumbo sabuwar sauka ya ga sunayen wayoyin Turawan da suka riƙe ta, wani lokaci har da lambobin iyalansu. Haka namu za su bi motar zuwa hannun wanda ya saya. Kafin a miƙa makulli, a shiga saitin rediyo a goge. A cikin wayar ma a buɗe jerin abubuwan da aka taɓa haɗawa, za a tarar da sifikar wani biki na shekara uku da motar wani aboki da aka daina gaisawa. Kowanne a cikinsu suna ne da wani zai iya ara ya zo da shi bakin get.

Abu ɗaya muke roƙo a yi a zama na gaba, ba zai ci minti 10 ba. Matasan da suka iya su karɓi wayoyin iyaye da yayye, a gabansu, su shiga saiti, su gangara wajen bayanin waya, su duba abu biyu: lambar Android, da ranar gyaran tsaro na ƙarshe. Idan akwai sabuntawar da ke jira, a sa ta a wurin, wanda ke da data ya taimaka. Idan ranar ta gaza Disamba 2023 kuma babu wata sabuwa, to ramin allon rubutun nan a buɗe yake a wannan waya. A faɗa wa mai ita a fili, a nuna masa inda ake kashe Bluetooth, idan kuma da ita yake harkar banki, ya fara tunanin raba su kafin ya samu halin canzawa.